Gurbin Yatsan Agali

Idan ka shiga Dakoro ka tambayi inda ake buga takarda, ba wanda zai gaya maka sunan shago, don shagon ba shi da suna. Za a ce ka tafi wajen Halidu Mai Inji, can bayan tasha, kusa da mai gyaran takalma. Ɗaki ɗaya ne da rumfar kara a gabansa. A ciki akwai ordinatar, wato kwamfuta, da injin buga takarda, da injin fotokofi wanda sai an dafa murfinsa da hannu yake aiki. A waje akwai benci da ɗan murhun shayi, kuma a nan rabin aikin shagon yake gudana.

Halidu ɗan Birnin Lalle ne. Ya yi lakwal, makarantar boko, har aji shida, sannan kawunsa ya kai shi Maraɗi ya koyi buga injin rubutu, irin na ƙarfen nan da ake jin ƙararsa tun daga titi. Ya dawo Dakoro ya yi shekara ashirin da ɗaya a wani biro, wato ofis, yana buga takardun mutane. Da ordinatar ta zo, abokan aikinsa suka ce su kam sun tsufa da koyon sabon abu. Shi ya cije ya koya, yana kuka da ita kullum kamar wata maƙwabciya mai fitina, har ya iya. Bayan ya bar biro ya buɗe shagon nan. Yanzu yana da shekara sittin ba ɗaya, bayansa na ciwo, idonsa na hawaye in ya daɗe gaban gilashin ordinatar, kuma in ka tambaye shi ya aiki, amsarsa ɗaya ce: “Muna ta jan shi.”

Yana da wata al'ada wadda duk wanda ya zauna benci ya sani. Duk takardar da ya tsara da kansa, in akwai wurin dangwala yatsa, to sai ya ɗauko finjalin shayi ya aza a kan gurbin. In ƙasan finjalin ya zauna daidai cikin layukan, takarda ta yi. In ya haura layi, sai a sake.

Abin ya samo asali ne daga Agali, wani makiyayi da ke zaune arewa da gari, wanda suke abota tun suna samari. A shekarun farko na aikin Halidu, an taɓa dawo da wata takardar Agali har sau biyu, wai yatsansa ya fita daga gurbi ya ɓata rubutu. To yaya ba zai fita ba? Mutumin da tun yana yaro yake jan igiyar rijiya mai gaba arba'in, babban yatsansa ya baje, ya yi kanta, ya tsattsage. Shi kuwa wanda ya zana gurbin, da yatsan riƙe alƙalamin bik ya auna. Kowace dawowar takarda, sai Agali ya bar dabbobinsa ya yi tafiyar yini guda ya sake dangwalawa. A karo na uku Halidu ya fusata. Ya ɗauki finjalin da ke gabansa ya aza a kan takarda, ya zagaye shi da bik, ya ce, “Ga wurinka nan, sa yatsa ka huta.” Tun daga ranar bai sake auna gurbin yatsa da wani abu ba.

Autarsa Raudatu a shagon nan ta tashi. Tana ƙarama, in ta taso daga lakwal, sai ta tattara takardun da suka lalace ta zauna tana zagaye finjali da fensir, da'ira bayan da'ira, har uwarta Uwale ta aiko a kira ta. Ta yi karatu har Yamai, kuma bara ta samu shiga wata ƙungiya mai tallafa wa makiyaya a can. Amma gwaji aka ɗauke ta, na wata uku. In ta gamsar da direktar a riƙe ta, in ba haka ba ta kama gabanta, ga wasu ashirin suna jiran kujerar.

A wata na biyu, ana tsakiyar bazara, ta kira ubanta da rana, murya na rawa don murna.

“Baba, ni anka ba tsara fish, takardar rajistar rabon dusa. Ni kaɗai! Kwana tara na yi bisanta. Za a kawo maka ita nan ka buga, sai ka hwaɗi mani yadda ka gan ta.”

“Allah shi yi albarka,” in ji Halidu. Ya daɗe bai ji daɗi irin na ranar ba.

Ƙungiyar nan ita ce babbar mai kawo masa aiki. Ban da ita, sai mai neman fotokofin katin shaida da ɗalibi mai takarda biyu. Aikinta ne ke riƙe da tukunyar gidansa daga bazara har a kai kaka.

Ranar Laraba da hantsi Abdulganiyu ya faka babur gaban rumfa. Shi ne wakilin ƙungiyar a Dakoro, saurayi ɗan Damagaram, bai fi wata biyar da zuwa garin ba, bai san wa ya haifi wa ba. Ya miƙa wa Halidu ɗan makullin ajiyar aiki, wanda suke ce wa kile.

“Baba Halidu, ɗari huɗu nake so. Jibi kasuwa, duk makiyaya za su shigo. Wanda bai cika fish ya dangwala ba, ba shi ba dusa. Ka dai ga yadda dabbobi suka koma.”

Halidu ya gani. Kowa ya gani. Shanun da ake shigowa da su kasuwa a watan nan, kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa.

Ya buɗe fish ɗin, sai ya ja kujera baya. Gaskiya dai yarinyar ta yi aiki. A sama ga tamburan masu tallafi guda biyar a jere, kowane da launinsa. A bayan rubutu ga hoton wata jar saniya mai manyan ƙahoni, ta cika shafin tun daga sama har ƙasa, an dusashe ta yadda rubutu zai hau kanta. Kowace tambaya tana cikin akwati, kowane akwati yana cikin wani akwatin, kuma kowane harafin suna an yi masa ɗan gidansa daban. Layi ɗaya kore, na bayansa ruwan ƙasa. Ado ya bi gefen takarda ya zagaye har bakin baki. A gilashin ordinatar abin ya yi kyau kamar zanen amarya, har Halidu ya ji ƙirjinsa ya cika. Ya danna a buga.

Injin ya yi ɗan gurnani, ya ja takarda, ya tsaya. Jar fitila ta fara ƙiftawa.

Halidu ya kashe shi, ya ƙirga ashirin, ya kunna. Wannan karon takarda ta fito, amma rabin sama kaɗai, ƙasa fari fat. Ya zare waya ya hure ta ya mayar. Sai injin ya shiga amayar da shafi bayan shafi, kowane da layi ɗaya na wasu alamomi da ba Faransanci ba, ba Hausa ba, ba kuma yaren wani mahaluki ba. Sai da ya yi asarar takarda goma sha huɗu kafin ya kai hannu ga maɓalli. Ya ciro kwalin tawada ya girgiza, ya share ƙura, ya ɗora wa injin jiƙaƙƙen tsumma a ka saboda zafi. Ya juya fish ɗin ya mai da ita hoto guda, ko za ta yi wa injin sauƙin haɗiya. Ta fito bayan minti bakwai, amma gefen dama ya yanke, wurin rubuta yawan awaki ya tafi gaba ɗaya. Ya rage girmanta don ta shiga shafi, rubutu ya koma ƙanana, shi kansa da tabarau bai iya karantawa ba. Saniyar kuwa, da yake injinsa baƙi da fari ne, ta fito toka-toka ta lulluɓe komai. Da ya gwada fotokofin wannan, sai ta ƙara duhu, shafin ya koma kamar bayan tukunya.

Ana haka wuta ta ɗauke. Ya zauna bakin ƙofa yana fifita da kwali har ta dawo bayan azahar.

Da ta dawo, ya yi abin da ya kamata ya yi tun da safe, wanda ya san dalilin da ya sa yake ta jinkirta shi. Ya buɗe wata tsohuwar wasiƙa mai shafi uku ya danna. Shafi uku suka fito a jere, tsaf, baƙi a kan fari, ko ɗigo babu. Injin lafiyarsa lau. Halidu ya riƙe wasiƙar yana kallonta. Da ma ya sani, amma ya so a ce ƙarya ne.

Agali yana kan benci tun ɗazu, ya shigo gari da wuri don kada rajistar ta wuce shi. Ya ga abokinsa ya yi tagumi, ya leƙo.

“Ita ce takardar dusa? Kawo in gani.”

Halidu ya miƙa masa wadda ta fi dama a cikinsu, ya nuna masa gurbin yatsa a kusurwar ƙasa. Ɗan ƙaramin akwati ne, kuma ya faɗa daidai kan kofaton saniyar, inda ya fi duhu. Agali ya dangwala a tampon tawada ya danna. Yatsan ya rufe akwatin, ya ci wurin kwanan wata, ya taɓa wurin sa hannun wakili. Abin da ya faɗa cikin gurbin kuma ba ya ganuwa.

Agali ya duba yatsansa, ya duba takardar. “Wanda ya yi wagga bai taɓa shan shayi ba,” ya ce yana dariya.

Halidu bai yi dariya ba.

Da la'asar Abdulganiyu ya dawo, ya ga tulin takardun da suka lalace, ya riƙe kai.

“Baba, na gaya wa Yamai an samu matsala. Direktar ya ce in aiko rapor yau. In fish ɗin ce ba ta yi ba, in rubuta ƙarara, zai san abin da zai yi da wanda ya tsara ta. An ce wata sabuwar yarinya ce ƴar gwaji. In kuma inji ne, su san inda za su kai aikinsu. Kai ka san abin nan. Wanne ne?”

Wasiƙar mai shafi uku tana kan tebur, gaban Abdulganiyu. Halidu ya ɗauke ta a hankali ya kife. Shekara kusan arba'in yana buga takarda a garin nan, ba a taɓa cewa aiki ya gagare shi ba, kuma abin da yake taƙama da shi ke nan, ba shi da wani.

“Injina ne,” ya ce. “Ya tsuhwa. Aiki mai kyau irin wanga ya hi ƙarhinshi.”

“Ka tabbata? Ka san in na rubuta haka, Maraɗi za su mai da komai. Ba zan iya hana su ba.”

“Rubuta. Amma jibi mutane na zuwa. Ka bar ni in yi maka wata marar nauyi wadda tsohon zai iya ɗauka. Tambayoyin duk suna nan, ba ni taɓa ko guda.”

Abdulganiyu ba shi da zaɓi. Ya ce to, ya hau babur ya tafi.

Washegari tun da sassafe Halidu ya zauna yana kwance aikin ɗiyarsa. Ya fara cire saniyar. Ya cire adon gefe. Tambura biyar ya mai da su sunaye biyar a layi guda. Ya ƙirga irin rubutun da ta yi amfani da su, ya samu kala goma sha ɗaya, takwas daga ciki ordinatar ɗinsa ma ba ta san su ba, ya mai da su duka ɗaya. Akwatunan da ke cikin akwatuna ya warware su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya goge sai ya ga inda ta daidaita shi da hannu, ya san ta yi awa guda a kansa. Ba ƙaramin baƙin ciki ya ji ba. Kwana tara ta yi tana ginawa, shi ya rushe kafin hantsi ya yi zafi.

Ya bar layuka masu faɗi na rubuta suna, don ya san da bik mai tsiyaya za a cika su, a kan gwiwa, a tsakiyar kasuwa. A ƙasa ya zana gurbin yatsa, ya buga guda ɗaya, ya ɗauko finjali ya aza. Ya zauna daidai. Ya danna ɗari huɗu, injin ya shiga zubo su ba ko tari.

Da rana Uwale ta kawo masa fura. Ta san fish ɗin Raudatu, don yarinyar ta turo mata hotonta a waya, ta nuna wa duk matan unguwa. Ta ɗauki ɗaya daga cikin tulin ta juya ta gaba da baya.

“Malam, ina saniyar?”

“Ta tahi kiwo.”

Uwale ta dube shi, ta dubi injin da ke ta aiki lafiya lau, wanda jiya da maraice aka ce mata ya tsufa. Shekara talatin da biyar suna tare, ba ta bukatar a yi mata bayani. Ta aje kwanon furar.

“To mu mi za mu ci da damina?”

“Abin da Allah ya hore.”

“Kai dai ba ka canzawa,” ta ce, amma da za ta fita sai ta gyara masa hular da ta karkace.

Ranar kasuwa aka yi rajista har rana ta yi sanyi. Takardu suka cika da yatsu manya da ƙanana, ko ɗaya bai haura layi ba. Abdulganiyu ya zuba su a kwali ya sa a motar Yamai. Da yamma Raudatu ta kira.

“Baba, na ji an ce injinka ya ƙi. Wayyo. Amma ka dai gan ta a gilashi ko? Ka ga saniyar?”

“Na gan ta.”

“Ta yi kyau?”

“Ta yi kyau ƙwarai, ɗiyata.”

Ba ƙarya ya yi ba a nan, shi ya sa ya iya faɗa.

Bayan mako uku labari biyu suka iso a rana ɗaya. An riƙe Raudatu aiki, Uwale ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo. Kuma Abdulganiyu ya biyo ta shago, yana sunkuyar da kai, ya ce daga yanzu a Maraɗi za a riƙa buga takardun ƙungiya a aiko su a mota. Halidu ya ce ba komai, ya zuba masa shayi.

Akwai komai mana. Damina ta yi tsawo. Wani yini tun safe har la'asar mutum uku kaɗai ke shigowa, biyu daga ciki inuwa suka zo sha. Magana ta bazu a gari cewa injin Halidu ya tsufa, har masu kawo ƙaramin aiki suka fara tambaya, “Zai iya kuwa?” Wannan tambayar ta fi rashin aikin yi masa ciwo. Yana jinta, yana haɗiyewa. Raudatu tana kira duk Juma'a, a gaisa, a tambayi lafiyar baya da ido. Amma tun da kwalin nan ya isa Yamai ba ta sake ambaton saniya ba, ba ta kuma sake tambayar injin ba. Halidu ya ɗauka abin ya wuce mata, ya ce haka ma ya fi.

Bayan an cire amfanin gona, ƙungiyar ta zo da rajistar rigakafin dabbobi. Wata safiya sai ga Agali ya sauka gaban rumfa, ya zaro takarda a naɗe daga aljihun rigarsa.

“Sun raba muna wagga jiya. Daga Maraɗi ta zo. Cika mani, ni ban yarda da rubutun yaran nan ba.”

Halidu ya karɓa ba da son ransa ba. Ba daɗi mutum ya riƙe aikin da a da daga hannunsa yake fita. Ya sa tabarau ya warware ta a kan gwiwa.

Baƙi ne a kan fari. Ba saniya, ba ado, ba launi. Sunayen masu tallafi a layi guda a sama. Rubutu iri ɗaya daga farko har ƙarshe, layukan suna masu faɗi, gefen takarda an bar masa fili. Ko tsohon injinsa zai buga ta yana barci. A kusurwar ƙasa kuma ga gurbin yatsa, fari tas, babba.

Halidu ya daɗe yana kallon gurbin. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki finjalinsa, ya shanye sauran shayin, ya goge ƙasansa da gefen riga, ya aza.

Ya zauna daidai. Bai haura ba, bai kuma bar fili ba. Irin wannan ba a dacewa da shi a makance, sai wanda ya nemo finjali a biron Yamai, ya buga, ya aza, ya sake gyarawa.

Ta sani ke nan. Ta buɗe kwalin, ta ga gurbin, ta gane hannun wanda ya zana shi, ta kuma gane abin da ya sa lafiyayyen inji ya tsufa a yini ɗaya. Wata biyar tana kira duk Juma'a da wannan a cikinta.

Idon Halidu ya kawo ruwa, ya cire tabarau ya share.

“Gilashin ordinatar ne kuma?” in ji Agali.

“Shi ne.”

Agali ya dubi ordinatar da ke can cikin ɗaki a kashe, an lulluɓe ta da zane. Halidu ya ɗauke finjalin, ya rubuta sunan abokinsa a kan layi, ya buɗe tampon tawada ya tura masa.

“Kawo yatsan,” ya ce. “Akwai wurinka.”